Ranar da Na Je Ɗanzomo Ban Sanar Ba

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da irin ladabin da kika koya mini, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Yau kwanana hamsin da uku da dawowa Gumel daga karatu a Jamus, wata goma sha ɗaya kuma da rasuwarki. Na rubuto ne in faɗa miki wani laifi da na yi.

Da farko, gida lafiya. Baba yana zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis kamar yadda kika bar shi. Ni kuma ina jiran takardar bautar ƙasa, har yanzu ban gama sabawa ba. In aka ce mini "bayan la'asar", ƙarfe huɗu da kwata na shirya na zauna da mayafi a kafaɗa, mai zuwa ya iso gab da magariba. Maman Rahila, maƙwabciyarki ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, sai ta shigo tsakar gida take ƙarasa sallama, ta ɗauki rariya ta fita. Ranar farko sai da gabana ya faɗi. A can, shekara huɗu ina ƙofa da ƙofa da wata dattijuwa, ban taɓa ganin cikin ɗakinta ba. Mutuniyar kirki ce ƙwarai. A wurinsu, girmama mutum shi ne kada ka faɗo masa gida ba sanarwa. Ashe ni ma na ɗauko halin ban sani ba.

Laifin ga aminiyarki na yi shi, Inna Hansai ta Ɗanzomo. An faɗa mini ita ta yi jinyarki kwana goma sha tara, ita kuma ta yi miki wanka. Kwana biyu da saukata na kira wayar matar ɗanta, na ce a tambaye ta wace rana take da sarari in zo gaisuwa. Aka ce ta ce to. Na jira ranar, shiru. Na sake kira sau biyu, duk amsar ɗaya ce. Sai na ɗauka ba ta shirya ganina ba, wataƙila don ban zo ta'aziyya ba. Na zauna ina ta juya abin a raina, ina ganin haƙuri nake yi.

Gwaggo ce ta warware mini, da ta dawo daga wani suna a Sule Tankarkar. Ta ce Inna Hansai ta faɗa a gaban mata: "'Yar aminiyata ta dawo da digiri, tana aiko mini da neman izini kamar malamar ƙidaya. Ni da na goya ta! In ɗakina ya yi mata ƙanƙanta, ta zauna abinta."

Umma, ranar ko tuwo ban iya ci ba. Kin san ni ce 'yar farinki. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba, sai "ke", sai "yarinyar nan". Ranar da zan tafi ma, tsakar gida kika tsaya kika ce, "To, a kula da salla," kika koma madafa. Na san kunya ce, ban taɓa riƙe ki ba. Amma in akwai wanda ya san abin da kike faɗa a kaina in ba na nan, Inna Hansai ce kaɗai. Ita kuma na ɓata wa rai da ladabin da ba namu ba.

Washegari Asabar na tafi tasha. Awa ɗaya da minti goma muka yi kafin mota ta cika, sau uku ina ciro waya in kira, ina mayarwa jaka. A hanya tsoro nake ji, in na tarar ba ta nan fa? In ta ƙi amsa gaisuwata a gaban mutane?

Ba ta nan ɗin kuwa, tana gona wajen cirar zoɓo. Matar ɗanta ta shimfiɗa mini tabarmar baƙi a tsakar gida. Na dubi tabarmar, na dubi labulen ɗakin Inna. Sai na cire takalmi na shiga, na zauna bakin gado inda kike zama. Kallabinki shuɗi yana rataye a ƙusa.

Bayan azahar ta dawo, hannayenta jawur. Ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe tana kallona. Na durƙusa na fara jero haƙurin da na tsara tun a mota, ta katse ni: "Malamar ƙidaya, wa ya ba ki izinin shiga? Tashi ki tuƙa mana tuwo, in ba a can kika baro hannun ba."

Tuwon ya yi gudaji, ta kuma faɗa a gaban kowa.

Da muka gama ci ta ja ni ɗaki. Ta ce duk zuwan da kika yi a shekarun nan, sai kin sa an saki labule, sannan ki ce, "Hansai, Nafisa ta kira jiya. Nafisa ta ci jarrabawa. Ko Nafisa tana samun abin da za ta ci?" Ta ce kikan maimaita sunan har sai ta ce miki, "To, mun ji, ba ke kaɗai kika haihu ba."

Na roƙe ta ta sake faɗa, ta sake, da irin muryarki.

Kwana biyu na yi a can. Da zan taho na ce mata sai Asabar ta sama, ta harare ni, na gyara na ce sai ta gan ni.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka wa Inna Hansai da alheri, Ya ƙara mata lafiya. Allah Ya haɗa mu a inda za ki kira ni in ji da kunnena.

Taki 'yar fari,
Nafisa