Takardar da Ke Cikin Bangon Littafi

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mai ɗakinka da yara. Yaya ciwon ƙafar nan taka? Allah Ya sawwaƙe.

Takardar lauyanka ta iso. Na karanta ta sau biyu, ka ga ashe aji shidan da na yi bai tashi a banza ba. An ce in kwashe kayana daga shagon Baba kafin ƙarshen Disamba, domin mai sayar da wayoyi zai shigo. Shekara arba'in da huɗu ina ɗinka littattafai a ɗakin nan, amma ba ka iya tako ƙafa ka faɗa mini da bakinka ba. Na san doka tana bayanka, tunda sunanka Baba ya sa a takardar ginin. Kai ne mai ilimi, ni kuwa mai warin gam.

Ba roƙonka nake ba. So nake kawai ka san raina ya ɓaci, kuma ban ga ranar hucewa ba.

Yayanka,
Mai Allura

Auta,

Ina gaisuwa. Da fatan yara sun sami hutu lafiya.

Shirunka ya iso, na gode. Na fara kwashe kaya. Injin matse littattafai ya tafi wurin mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, mutum huɗu suka ɗaga shi suna nishi. Saura kantar sama, inda Baba yake ajiye littattafan da masu su ba su dawo karɓa ba. Ka tuna dokarsa, ba a zubar da littafin mutum ko ya shekara ɗari. Na sauko da guda arba'in da ɗaya, ƙura ta sa ni tari har hawaye.

Zan faɗa maka abin kunya. Duk littattafan da suka bi ta hannuna, ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Baba ya koya mini in duba lambar shafi kawai, in jera, in ɗinka. A wurinsa mai ɗinkin da ya tsaya karatu ɓarawon lokaci ne. To yanzu ba aiki, ba mai shigowa. Shekaranjiya da hantsi na zauna a kan bencin nan mai ƙafa uku da rabi, na buɗe ɗaya don in kashe lokaci. Labarin wani tsoho ne mai haƙa rijiya. Sai da maƙwabcina tela ya leƙo yana tambaya ko lafiya, sannan na lura rana ta yi tsaka.

Da yatsa nake bin layi kamar ɗan aji biyu. Ka yi dariya in ka so.

Yayanka,
Mai Allura

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, yau talatin da ɗaya ga wata, kuma wannan ce wasiƙa ta ƙarshe da zan rubuta a kan teburin nan.

Littafin tsohon nan aikin Baba ne, na gane ɗinkinsa. Gam ɗin ya bushe, ina cikin karatu bangon ya ɓalle a hannuna. Ka san yadda muke liƙa tsohuwar takarda a gadon bayan littafi don ya yi ƙarfi, kowace iri ta zo hannu. Wadda Baba ya liƙa a nan rubutun jan biro ce. Na jiƙa ta da tsumma, na ɓare ta a hankali. Wasiƙar hedimastanmu ce zuwa ga Baba, da sunana a ciki. Yana roƙonsa kada ya cire ni daga makaranta, wai bai taɓa koyar da yaro mai kaifin karatu irina ba. Baba ya yanka ta daidai faɗin littafi ya shafa mata gam.

A lokacin ce mini aka yi ba ni da kan boko, kai ne mai shi. Na yarda, na kama allura, na ɗinka maka littattafanka tun daga firamare har jami'a ina alfahari.

Na yi kuka, Auta, ban ɓoye maka ba. Wata guda ina jin haushinka don ka raba ni da ɗakin nan, yau kuma ban san ko gado ka ƙwace mini ba ko ƙofa ka buɗe mini. Baba ya tafi, ba ni da wanda zan tambaya. Kada ka ɗauka na yafe maka. Aiko lauya da ka yi yana nan daram a zuciyata.

Amma na sami abin da ke tashina da safe. Littafi arba'in da ɗaya, in na yi ɗaya a mako sun kusa kai ni ƙarshen baɗi. 'Yata ta saya mini tabarau, tana tsokanata wai ta sami ɗalibi mai furfura.

Makulli yana wurin tela. Allurar Baba da almakashinsa suna kan tebur, ka haɗa da su a cinikin. Wasiƙar hedimasta kam na tafi da ita, da ita nake sa alamar inda na tsaya. Ina shafi na saba'in da uku, tsohon bai kai ga ruwa ba tukuna, amma yana haƙa.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya sa mu shiga sabuwar shekara lafiya.

Yayanka,
wanda aka ce ba shi da kai