Ranar da Ɓerayena Suka Faɗi

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki, yaya ƙafafun naka? Da fatan Inna da Anti da yara duk suna lafiya. Ni ma lafiya lau, in ban da haushin ɓeraye.

Ka dai san ciwon nan namu na gado, mai kwantar da kai kamar an zare maka laka, an jima kuma ka miƙe garau. Tushensa wasu 'yan ƙofofi ne a jikin tsoka, inda gishirin jiki ke shiga da fita, to naka ba sa rufuwa daidai. Mun samu ɓeraye masu irin ƙofofinka sak don mu gwada magani a kansu, amma 'yan banzan nan sun ƙi ciwo! Mu sa su gudu a kan wili mai juyawa, mu cire su nan take mu rataya a ragar waya, su riƙe gam suna kaɗa min gashin baki.

Farfesa, shugaban ɗakin bincikenmu, ya ce in ba su nuna rauni ba kafin zaman kwamiti za a rufe aikin, tunda ba a gwada magani a kan mai lafiya. Wallahi Yaya hankalina a tashe yake, don saboda kai na shiga karatun nan. A sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, albishirinka: sun faɗi!

Ranar Talata na dawo daga hawan bene da akwatunan abincinsu, na zube a kujera ina haki, sai kawai na tuna da kai. Ai ban taɓa ganin ka faɗi a filin ƙwallo ba. Sai ka dawo gida ka miƙe a doguwar kujerar falo kana cika bakin cin da ka yi, ka huta, ka zo tashi ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ni ake kira in ja ka. Ashe gaggawarmu ce ta cuce mu, muna gwada ɓerayen jikinsu da ɗumi, alhali shi ciwon sai an huta yake tasowa.

Na sa su gudu, na mayar da su keji, na harɗe hannu. Abokin aikina ya ɗauka na haƙura da aikin ne. Da suka huta sosai na rataya su, sai ga su suna sakin waya ɗaya bayan ɗaya suna faɗowa kan auduga. 'Yan'uwansu masu lafiyayyun ƙofofi kuwa ko gezau. Na yi ihun da ya fito da Farfesa daga ofis da takalmi ɗaya. Ya sa na maimaita a gabansa, sannan ya tambaye ni inda na karanta dabarar, na ce masa a falon gidanmu.

Kwamiti ya zauna, aiki zai ci gaba, mako mai zuwa za mu fara gwada magani. Ban yi maka alkawarin warkewa ba tukuna, amma mun kama bakin zaren.

Na ɗora ɗaya daga cikin ɓerayen da suka faɗi a tafin hannuna, idonsa biyu, yana ta ƙoƙarin tashi ya kasa. Likitocin da muke aiki tare sun kewaye shi suna tausaya masa, babu wanda ya ce masa malalaci yadda aka daɗe ana ce maka. Nan na fashe da kuka, ina yi ina dariya. Ka karanta wa Inna wannan da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji.

Taka har kullum,
Auta