Ɗakin Bayan Kicin a Shafa

Litinin, 8 ga Yuli
Na samo mana istiraha a Shafa, can saman duwatsun Ɗa'ifa. Gidan hutu ne mai ɗaki uku da lambun rumman, kwana uku za mu yi. Mai gidan ya fara da tsada, na ce masa da Larabci ya ammi, shekara ashirin da biyu ina sayar da turare a unguwar Rusaifa ta Makka, ba a yi mini farashin alhazai. Ya yi dariya ya sauko. Sai dai katin ɗan ƙasa yake so, ni kuwa ko iƙama, takardar zama, ba ni da ita tun da na zo Hajji na maƙale. Nawaf zai ba da nasa. Ɗan yayata ne, ubansa ɗan ƙasar nan ne, ni na goye shi bayan ta rasu. Wa zai bayar in ba shi ba?

Laraba, 10 ga Yuli
Na soya dambun nama, na daka yaji. Nawaf ya ce matarsa Shahad ta gayyato mahaifiyarta daga Jidda. Ban taɓa ganinta ba. Lokacin bikinsu cewa ya yi in zauna gida, ana kamen marasa takarda. To, bana za mu gaisa.

Alhamis, 11 ga Yuli
Mun hau. Birai a bakin titi, gajimare har cikin mota.
A ƙofa mai gadi ya ce gidan na iyali ne, kowa da katinsa. Ya nuna ni, wannan fa? Nawaf ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, “Shaggala.” Wato 'yar aiki.
Na yi murmushi cikin niƙabi. Yaro ya iya, ni ma da haka zan ce, ba kasafai ake matsa wa 'yar aiki da tambaya ba. Mai gadi ya kai jakata ɗakin bayan kicin, gefen injin wanki. Na ce a raina na ɗan lokaci ne.

Juma'a, 12 ga Yuli
Surukar ta iso da hantsi. Na fito da hannu biyu zan rungume ta, sai ta miƙo mini abayarta in rataye.
Ta ce wa 'yarta, “Wannan ce Yalwa? Wadda ta yi renonsa? Ma sha Allah, irinsu sun ƙare yanzu. In kun gaji da ita ku ba ni.”
Ta san sunana. Ta san na yi renonsa. Ashe ba jiya aka ƙirƙiro kalmar ba, kuma ba don mai gadi ba. Shekara biyu ke nan ina 'yar aiki a Jidda ban sani ba. Shahad ta sunkuyar da kai.
Na rataye abayar. Na kawo shayi da na'ana'a. Sun yaba dambun.

Asabar, 13 ga Yuli
Na tare Nawaf a lambu. Hausarsa ta watse kamar kullum in ya yi laifi. “Wallahi Khala, da sun san ba ki da iƙama, ba za su ba ni ita ba.” Na ce na ji, ni ma na sha yin ƙarya don a zauna lafiya, amma ban taɓa sayar da nawa ba. Shiga yanzu ka ce musu ni ƙanwar uwarka ce. Ya ce in yi sabr, wato haƙuri, sai bayan Shahad ta haihu.
Haka na ji labarin cikin.
Na so in shiga in fasa da kaina. Larabcina ya fi nasa kaifi. Sai na tuna yarinyar da abin da take ɗauke da shi, na koma na wanke kofuna.

Lahadi, 14 ga Yuli
Mun sauko. Sanyin dai ya yi daɗi, ba zan ƙi gaskiya ba.

Alhamis, 18 ga Yuli
Nawaf ya zo rumfata da kwalbar ruwan wardi. Na karɓa, na ce a gaida gida. Ya tsaya yana jiran faɗa, ban yi ba. Lafiya ƙalau nake.
Da yamma Mukhtaru, mai aika kayan mutane Kano, ya biyo. Na tambaye shi yadda ake yi in mutum zai miƙa kansa a mayar da shi gida, da kilo nawa ake bari ya ɗauka. Tambaya ce kawai.
Mai kawo mini turaren sayarwa ya kira sau biyu. Na ce ya dakata tukuna.