Ni na ƙona matata, ita kuma tana zaton hukuncin Allah ne

Salama gare ku masu wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana. Ban yi boko mai nisa ba, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Kada ku zage ni, na riga na zagi kaina har na gaji.

Wannan wata ya yi mini wuya. Ina ɗaukar kaya a wani sito da ke titin Wendover, a nan ƙasar waje da muke zaune, bayana ciwo, gwiwata ciwo, amma duk ba su kai abin da ke cikin gidana ba.

Matata, Maman Ladi, yara huɗu ta shayar. Ni kuma bakina ba shi da linzami. Wata rana tana canza riga na ce mata ƙirjinta ya zama silifas. Dariya na yi, ita ma ta yi. Ashe maganar ta zauna mata. Ta daina cire riga a gabana, ko wanka za ta yi sai ta kulle ƙofa. Bayan an daɗe ta ce wata da take yi wa kitso ta gaya mata ana aikin ƙara nono a nan Greensboro, a saka roba a ciki ya tashi. Da ni mutum ne, ai cewa zan yi ki bar shi, haka nake son ki. Me na ce? Na ce in kina so ki yi. A coci muka ce aikin baya za a yi mata.

Turancinta na kasuwa ne, bai kai na asibiti ba. A asibitin sun ce za su kira tafinta a waya, na ƙi. Masu jin Hausa a garin nan nawa muke? In aka haɗa mu da wanda ya san mu fa? Na ce ni zan fassara. Aka yi aikin, ranar sallama nas ta gaya mini da bakinta cewa fatar wurin za ta daɗe ba ta jin komai, kada a kusantar da abu mai zafi. Na ji sarai. Ban gaya wa Maman Ladi ba, don a raina na ce waɗannan mutane me suka sani game da kumburi? Uwata da ruwan zafi ta gasa duk matan gidanmu bayan haihuwa, babu wadda ta lalace.

Da gefen hagu ya kumbura, na dawo daga aiki da yamma na ɗora ruwa a butar lantarki, na tsoma tawul, na matse, na danna mata a ƙasan nonon. Hannuna kansa yana ƙuna. Na tambaye ta ko ya yi zafi, ta ce ba ta ji komai ba, in ƙara. Na ƙara. Kwana da kwanaki ina yi. Sai fatar ta yi bororo, ta fashe, yanzu wurin ya yi baƙi yana ruwa. A ƙasa yake, ba ta iya gani sai da madubi, kuma tunda ba ta taɓa jin zafin ba, ko kusa ba ta kawo tawul ɗina a ranta ba.

Ita abin da ta ɗauka daban. Ta ce Allah ne ya kama ta don ta raina halittarsa. Ta daina zuwa zumuntar mata, ta ce da wane baki za ta yi waƙa. Jiya na same ta durƙushe a bakin gado tana roƙon gafara. Ta kama hannuna ta ce, "Baban Ladi, kai ma ka yafe mini, na jawo maka wahala." Ni take roƙo. Ni da na ƙona ta. Wane irin namiji ne zai ji wannan ya yi shiru? Ni ne. Na ce ba komai.

Jiyan nan kuma muka koma wurin likita. Ya daɗe yana duba ciwon, sai ya juyo ya tambaye ni ko wani abu mai zafi ya taɓa wurin. Na ce a'a. Maman Ladi ta ce me ya ce, na ce yana tambaya ne ko kina shan magani. Ya ce bai gane dalilin da fatar ke mutuwa haka ba, in ba ta gyaru ba zuwa Juma'a, sai sun sake yanka ta sun cire robar, kuma tabon zai zauna. Duk hanyar gida ina tuƙi ina tunani, da ya san ƙuna ce, ko da wani magani daban zai ba ta? Ƙaryata ce za ta mayar da ita ƙarƙashin wuƙa?

Ba likitan nake tsoro ba. Ita nake tsoro. In na faɗa, za ta san an gargaɗe ni na ɓoye, za ta san na bar ta tana kuka a gaban Allah kan laifina. Na farko bakina ya kai ta asibiti, na biyu hannuna ya ƙona ta. Shekara ashirin da aure, da me zan dube ta?

Da muka iso gida ta ce in ɗora ruwa in gasa mata. Ta ce duk cikin abin nan gashin kaɗai ke kwantar mata da rai, don rabon da in taɓa ta da tausayi haka tun haihuwar Ladi. Na ce na gaji, sai gobe.

Yau da safe kafin ta tashi na ɗauki wuƙa na yanke wayar butar, da ta tashi na ce mata butar ta lalace. Ta ce ba komai, akwai tukunya, in na dawo aiki sai mu yi da ita.

Ƙarfe biyar zan tashi daga aiki. Jama'a, me zan yi?