Lambobi Tara a Jikin Inji

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau aka kawo ta a bayan motar winci, bayan sallar la'asar. Camaro ce ƙirar 1969, mai silinda takwas, shuɗiya, ko da yake rana ta mayar da rufinta kamar toka. Abu Kamil, kafilina, wato Balaraben da ya tsaya mini nake zaune a ƙasarsu, kuma mai wannan warsha ta gyaran motoci, shi ya samo ta a wata gona a bayan gari, inda ta shafe shekaru kaji suna kwana a cikinta. Jikinta lafiya lau. Amma da na ɗaga bonet, babu inji. Rami kawai.

Na duba gwangwanin fenti ruwan ɗorawa, akwai saura. Shekara goma sha tara ke nan, duk ƙarfen da na sa wa mota wanda ba da shi ta fito daga masana'anta ba, ina ɗiga masa wannan fenti a inda ido ba ya saurin kaiwa, domin makanikin da zai zo bayana ya san gaskiya. Ba wanda ya umarce ni. A ƙasida ta huɗu na karanta haka, cikin ƙasidu goma sha ɗaya da na saya a Sabon Garin Kano ina saurayi. Da su na koyi wannan sana'a, da ƙamus a kan cinyata.

Talata, 8 ga Oktoba

An samo inji daga wurin masu kwance tsofaffin motoci. Shekararsu ɗaya da motar, girmansu ɗaya, amma ba nata ba ne. A gaban bulok, ta hannun dama, akwai wani shafaffen wuri mai faɗin yatsa biyu, inda masana'anta take buga lambobi tara. Idan sun yi daidai da ƙarshen lambar casis, to da wannan injin aka haifi motar. Waɗannan ba su yi daidai ba.

Na ɗiga masa fenti a ƙarƙashin mazaunin sitata.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Abu Kamil ya zo da mai saye, Dakta Mustapha, likitan haƙori daga unguwar Nasiriya. Ashe motar mahaifinsa ce marigayi, ya daɗe yana nemanta. Da farar rigarsa ya zauna a kujerar direba, a kan kashin kaji. Ya nuna mini wata ƙuna a gefen sitiyari, ya ce sigarin babansa ce ta yi ta, ranar da ya kai shi makaranta karon farko.

Sai ya tambaya ko injin nata ne. Ni ya kalla. Kafin in buɗe baki Abu Kamil ya ce, "Asli ne, ya dakta, wallahi asli. Fitar da shi muka yi don wanki."

Na sunkuya ina goge sifanar da ba ta da datti.

Likitan ya ce zai kawo wani masani daga Jidda ya duba lambobin, ba don bai yarda da mu ba, sai don yana son shaida a rubuce da zai bar wa 'ya'yansa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Da safe na tarar da ƙaramin akwatin katako a kan tebirina. A ciki akwai ƙarafan buga lamba, daga sifili zuwa tara, da haruffa. Tsofaffi ne, irin na wancan zamanin. Ban san inda Abu Kamil ya samo su ba.

"Ya mu'allim Rabilu, lambobi tara ne kacal," in ji shi.

Na yi masa bayani a natse. Na ce gyara daban, ƙirƙira daban. Na ce motar da aka canja wa inji ba ta da aibi muddin an faɗa. Na ce likitan zai saya ko da an gaya masa gaskiya. Ya saurara har na gama, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Iƙamarka fa, yaushe za ta ƙare?"

Ya sani. Ƙarshen watan nan takardar izinin zaman za ta ƙare, kuma shi kaɗai ke iya sabunta ta. Tawa, da ta matata Shafa'atu, da ta 'yarmu Hajar, duk a igiya ɗaya suke.

"In sha Allah za mu duba," ya ce, ya fita.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ban taɓa akwatin ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Yacouba mai fenti, mutumin Damagaram, ya same ni a hutun azahar ina zaune gaban injin da ƙasida a hannu.

"Malam Ƙasida, me ta ce yau? Ta sabunta maka iƙama?"

Na ce masa abin ba na wasa ba ne.

"Kai fa Bakano ne! Yaushe Bakano ya fara jin kunyar mai saye? Ni shekara goma sha biyu ina shafa fenti a kan tsatsa, ko mutum ɗaya bai mutu ba."

Na ce fenti kowa ya san fenti ne. Lamba kuwa shaida ce.

Ya gutsiri gurasarsa. "Idan ka ƙi, ɗan'uwa, gobe zai kai shi wata warsha a buga. Likita ya samu ƙaryarsa, kai ka samu tikitin Kano. Wa ka ceta?"

Ƙasidun ba su yi magana a kan wannan ba. Waɗanda suka rubuta su a ƙasarsu suke zaune.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Bayan masallaci mun ci abinci tare a gida, a unguwar Malaz. Hajar tana ba mu labarin jarrabawar ƙarshe ta sakandare, saura wata bakwai. Da Larabci take maganar, idan ta ga na ɗaure fuska sai ta juya Hausa, tana laluben kalmomi. A nan aka haife ta. Kano sau biyu ta taɓa gani, duka biyun zazzaɓi ya kwantar da ita.

Da ta tashi na gaya wa Shafa'atu komai. Na ɗauka za ta ce in yi, ko ta ce kada in yi. Cewa ta yi, "Baban Hajar, kai ka san aikinka." Ta kwashe kwanuka. Na ji ta a kicin ta daɗe ba ta buɗe famfo ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na samu mafita, ko abin da ya yi kama da ita.

Ƙasida ta bakwai ta bayyana yadda ake kama masu jabu. Injin masana'anta da yake sassaƙe wurin lambar yana barin siraran layuka, daga gaba zuwa baya. Mai jabu idan ya goge tsohuwar lamba da magagari, layukansa a gicciye suke fita. Kuma ma'aikacin masana'anta sau ɗaya yake bugawa, cikin sauri, shi ya sa lambobin asali ba sa zama daidai zurfi. Mai jabu kuwa yakan tsara su kyakkyawa kamar rubutun allo.

To zan buga, amma zan bar layukan a gicciye. Masanin Jidda zai gani. Abu Kamil zai ce ban iya ba, ba zai ce na ƙi ba. Likita kuma zai san gaskiya ba daga bakina ba.

Na san wannan dabarar matsoraci ce. Ita kaɗai nake da ita.

Talata, 22 ga Oktoba

Na yi.

Dole in rubuta yadda abin ya faru, daki-daki, domin ni kaina ban gane ba. Na fara da ƙarfe tara na safe. Na goge tsohuwar lambar. Na ɗauki magagari na ja a gicciye kamar yadda na ƙudurta, sau huɗu. Na duba da gilashin ƙara girma. Abin ya yi muni ƙwarai. Aikin ƙazami ne, wanda ko a shekarata ta farko ba zan yarda ya fita daga hannuna ba. Na ce bari in ɗan daidaita gefe guda kawai.

Na naɗe sanfefa a kan miƙaƙƙen ƙarfe, na ja daga gaba zuwa baya. Na sake ja. Ban ji kiran azahar ba, sai da Yacouba ya taɓa kafaɗata.

Da na zo bugawa, na haɗa ƙarafan tara a maƙale ɗaya, na ɗan karkatar da hannu yadda ukun ƙarshe za su fi sauran zurfi, kamar hoton da ke shafi na goma sha biyu. Guduma ɗaya. Sannan na shafa tsohon baƙin mai, na gasa wurin da wuta kaɗan don ya tsufa.

Babu wanda ya tsaya a kaina. Abu Kamil ma ba ya warshar.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ɗigon fentin yana nan a ƙarƙashin mazaunin sitata. Ban goge shi ba. Wataƙila masanin ya leƙa can.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ya zo. Masanin dattijo ne mai farin gemu, da fitila ƙarama da gilashi irin nawa. Daga yadda ya goge wurin da tsumma kafin ya duba na san ya san aiki. Ya fi minti ashirin a sunkuye. Na tsaya a bayansa ina addu'a, kuma har yanzu ban san wace addu'ar nake yi ba.

Ya miƙe ya ce, "Ma sha Allah. Hannun masana'anta ne. Dubi yadda ukun ƙarshe suka nutse, wannan ba mai iya kwaikwayonsa."

Wani abu ya motsa a ƙirjina da na ji haka. Ba tsoro ba ne. Ina jin kunyar rubuta sunansa.

Sai fitilarsa ta faɗa kan ɗigon. Ya tambaya, "Wannan fa?" Abu Kamil ya kalle ni, likita ya kalle ni.

Na ce, "Fenti ne ya ɗiga, ya shaikh." Na jiƙa tsumma da tina, ruwan wanke fenti, na goge shi a gabansu.

Talata, 29 ga Oktoba

Saƙo ya shigo waya: an sabunta iƙama, mu uku, shekara guda. Shafa'atu ta ce alhamdu lillahi. Ba ta tambaye ni komai ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mun tayar da injin a gaban Dakta Mustapha. Da ya ji rurinsa sai ya dafa bonet da hannu biyu, ya rufe ido. Ya ce wannan ne sautin da yake ji daga ɗakinsa idan babansa ya dawo, ko cikin mota dubu zai gane shi. Ya rungume ni, ya sumbaci goshina, ya ce, "Ka dawo mini da shi, ya ammi," wato baffana.

Yacouba ya juya baya yana wanke bindigar fenti. Yau bai tsokane ni ba.

Talata, 19 ga Nuwamba

An kawo wata, ja, ƙirar 1970. Ita ma injinta ba nata ba ne. Abu Kamil bai tayar da maganar lamba ba tukuna, ni ma haka. Na dai auna wurin lambar, don sani kawai.

Na shafa wa ƙarafan mai na mayar da akwatin cikin aljihun tebirina, wanda nake kullewa, saboda kada su yi tsatsa. Ƙarfen lamba shida ya ɗan dakushe a gefe, yana buƙatar wasawa.

Gwangwanin fenti ruwan ɗorawa ya bushe. Da alama ban rufe shi da kyau ba ran nan. Zan sayi wani idan na samu lokaci.