Famfon da Muka Kafa a Ƙofar Baba

Kafanchan,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga Yayata Roseline,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Nathan da yara, da fatan kuma ruwan Fatakwal bai tafi da ku ba, don direbana ya ce tun da yake zuwa garinku bai taɓa dawowa da busasshiyar riga ba. Allah ya ƙara miki ƙarfi a aikin asibiti, ya sa albarka a hannunki, ya tsare fitarku da shigarku. Mu a nan lafiya lau muke. Haƙorin matata Tamar da ya hana gidan sakat an cire shi, ta koma waƙa a Zumuntar Mata da murya fiye da ta dā. Yara sun koma makaranta. Gidan bulo yana tafiya, har na ƙara inji, tifa kuwa ba ta kwana da yunwa. Baba yana nan garau, yana cin tuwon accarsa, yana kuma faɗa da rediyo kamar kullum.

Kin san ni da biro ba mu cika shiri ba tun da na bar sakandare. Abin da ya zaunar da ni shi ne a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na ambaci Baba sai ki ɗauka daga nan, ki yi ta yi har katina ya ƙare. Takarda kuwa ba a katse ta. Don haka ga maganar a fili: na saya wa Baba famfon keke. Na san kin ce kada a saya. Ki ajiye wayar nan da kika ɗauka, ki karanta har ƙarshe tukuna.

Ban manta da ranar Alhamis ɗin nan ba, da alade ya tsinke igiya a hanyar kasuwa ya shiga gaban keken Baba, Baba ya faɗi ya kuje gwiwar hannu. A makon ne kuma tsohon famfonsa ya mutu. Kika ce Allah ne ya yi mana aikin da muka kasa, tsoho irinsa ba shi da sauran harka da keke, a bar tayoyin a sace har ya haƙura. Na bi maganarki, don ke ce babba, kuma ke kike ganin karyayyun ƙasusuwa kullum. Sai dai ni da ke mun manta da halin mahaifinmu. Kin tuna tun yana aikin reluwe, kowace yamma sai ya kwance bawul ya sace iskar tayoyin nan biyu, wai taya ma tana bukatar hutu, mu kuwa mun san don kada mu sace keken mu hau ne. To, har yau bai fasa ba. Mun girma, jikoki ma yanzu waya ce a gabansu ba keke ba, amma iska ba ta kwana a tayar Baba.

Da famfo ya mutu, sai ya riƙa tashi da safe yana tura keken a sace, ya tsallaka babban titi zuwa wurin mai faci, a sa masa iska, ya yi yawonsa, da yamma ya sace ta, gobe ya sake. Ban sani ba sai da na gani da idona. Ina cikin tifa za mu kai yashi, na hango wani tsoho a tsakiyar titi riƙe da keke, tanka tana danna masa oda, shi kuwa ya ɗaga mata hannu kamar ɗan sanda, wai ta jira. Na buɗe baki zan ce 'ya'yan tsohon nan ba su da hankali, sai na ga hular Baba ce. Yaya, ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Na roƙe shi ya daina sace iskar, ya ce Mama ma ta yi ta fama har ta koma ga Ubangiji ba ta ci nasara ba, balle ni da ya goya a kariyar keken. Na ce zan ɗaukar masa ɗan acaba na kansa, ya kai shi addu'ar safe da lambu da duk inda yake so. Ya ce shi Azariya ba zai zauna a bayan sa'an jikansa yana riƙe masa ƙugu ba. Daga nan na kai ƙara wurin amininsa Malam Arzika, mai shagon hatsi, wanda suke zama tare tun kafin a haife mu. A gabansa ne Baba ya kawo shawarar da ta sa na canja ra'ayi. Ya ce in gaya wa nas ɗin Fatakwal cewa ya san tsufa gaskiya ne, amma ba daga waya za a yanke masa hukunci ba. A ba shi famfo. Ranar da ya kasa cika tayoyin nan biyu da hannunsa, ba taimakon kowa, har babban yatsa ya kasa lotsa su, ranar shi da kansa zai rataye keken a zaure, ba sai an roƙe shi ba. Malam Arzika ya yi dariya har da tari, ya ce ya yi shaidar gona, ya yi shaidar aure, amma bai taɓa shaidar iska ba sai a kan Azariya. Duk da haka ya karɓa, suka tafa.

Kin ga ke nan abin da zan saya ya wuce famfo, alƙali ne. Alƙali kuwa dole ya zama mai gaskiya, kuma kada ya riga mai shari'a mutuwa. A nan ne nake so ki yarda cewa ƙaninki ya fi ki sani. Ke kin yi karatu, ni kuma da keke na fara, ina dakon citta daga ƙauyuka buhu bisa buhu, kafin Allah ya kai ni inda nake. Famfon da ya mutu a hannuna ya fi allurar da kika karya yawa.

Muka tafi shagon Jamiluddeen, ɗan Malam Arzika, mai sayar da kayan keke a cikin kasuwa. Baba ya ce ba za a zaɓa masa a bayan idonsa ba, ya turo kekensa har bakin shagon. Jamiluddeen ya fara fito da ƙaramin nan na hannu da ake maƙalawa a jikin keke. Na ce a mayar, don sai mutum ya durƙusa, gwiwar Baba kuwa ko a majami'a fasto ya yafe mata durƙuso. Ya kawo na ƙafa, wanda ake takawa. Na tambaye shi ko so yake tsoho ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zakara. Sai ya ciro wani ja mai ƙyalli a cikin kwali, jikinsa duk roba, da agogo a gindinsa mai nuna yawan iska, yana ta yabonsa wai shi ake yayi. Na riƙe gindin na murɗa hannun kaɗan, sai ya yi ƙara kamar busasshen kara. Baba ya leƙa agogon ya ce shi ba jirgi zai kama ba, yatsansa ya ishe shi.

Na ce wa Jamiluddeen ya daina nuna mini kayan 'yan makaranta, ya shiga ciki ya ɗauko na tsaye, na ƙarfe, irin wanda ake taka gindinsa a danna da hannu biyu. Ya fito da guda biyu, duk sun yi ƙura. Na kwance murfin kowanne na zaro sandar. Abin da nake nema shi ne fata a bakinta, ba roba ba, don roba in ta tsage an gama, fata kuwa kowane baduku zai yanka miki sabuwa daga tsohon takalmi. Na toshe bakin tiyo da yatsa na danna, hannun ya dawo sama da kansa, alamar ba ya yoyo. Na duba kaurin sandar, da faɗin gindin, da tsawon tiyon, na kuma tsayar da su a jikin Baba don in ga ba zai sunkuya da yawa ba. Shi kuwa ya sace iskar tayarsa ya cika, ya sake sacewa ya cika, har mata masu tumatir suka bar tirensu suka kewaye mu, duk dannawa ɗaya sai su yi masa guɗa. Jamiluddeen ya ce wa Baba ko dai a saya, ko ya fara karɓar kuɗin kallo.

Ba zan ɓoye miki ba, a nan Shaiɗan ya ɗan raɗa mini magana da muryarki. Ɗaya daga cikin biyun mai ƙaton ciki ne, yana cika taya da sauri amma yana da tauri, na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi da ya kai ƙarshe. Ɗayan siriri ne, sai an daɗe ana dannawa, amma da laushi. Na ce a raina in na ɗauki mai ƙaton cikin, kafin Kirsimeti an rataye keke, Yaya ta huta, ni ma na huta. Baba ya tsaya yana share zufa da hularsa yana kallona. Sai na tuna mai ƙaton cikin na tayar babur ne, siririn shi ne na keke. Wannan ita ce gaskiyar sana'a, ba son kai ba. Na ɗauki siririn.

Saura maganar aro, don aro ne ya kashe tsohon. Yau yana gidan wannan, gobe ana hura ƙwallo da shi a fili. Ni kuwa mai siminti ne. Na sa aka zuba kankare a gindin mangwaron ƙofar gida, na kafa famfon a kai, na ɗaure shi da noti. Mai son iska ya zo wurin Baba. Yaya, sai kin ga abin da ya biyo baya. Da safe ƙofar gidanmu kamar tasha: masu kai itace kasuwa, masu baro, malamin firamare, har wani mai rake daga Kagoro. Baba yana kan kujerarsa yana ba da umurni, yana duba birkin kowa yana faɗa. Ba ya karɓar ko sisi, amma ba mai tafiya sai ya ba da labarin unguwarsu. Malam Arzika ya naɗa shi Sarkin Iskar Kafanchan, yana zuwa yana cire takalmi yana gaisuwar fada. Wata rana hira takan riƙe shi har rana ta yi zafi ya fasa fita. Kin ga rabin burinki ya cika ba tare da faɗa ba.

Na kuma samo miki wasu sharuɗɗa, don kada ki ce na sayar da ke. Ba zai ƙara tsallaka babban titi ba, ta bayan layin dogo yake bi zuwa lambu da majami'a. Ranar Alhamis, ranar kasuwar aladu, keke yana hutu. Zuwa Madakiya wurin Goggo Beatrice kuwa ni nake kai shi a mota, keken yana baya. Amma sai mun kusa gidan ya ce in tsaya, in sauke masa, ya hau ya ƙarasa yana kaɗa ƙararrawa, don kada ƙanwarsa ta ga an kawo shi kamar buhun masara. Ni sai in jira kaɗan in biyo baya, in yi kamar hanya ce ta haɗa mu. Goggo ta gane, amma kullum sai ta yi masa sannu da hanya, ta kawo masa ruwa kafin ni.

Na san tsoronki, Yaya, nawa ne ni ma. Tun da Mama ta tafi, ke kina can kina jin ƙarar waya gabanki yana faɗuwa. Amma na ga fuskarsa a kwanakin da muka hana shi famfo, na kuma ga fuskarsa yanzu. Ranar ratayewa za ta zo, ba mai hana ta. In ta zo, gara ya ji ta a hannunsa da ya ji ta a bakinmu. Kowace safiya kafin in wuce gidan bulo nakan tsaya in danna tayoyin da yatsana, shi kuma ya kau da kai kamar bai gan ni ba. Ranar Asabar kuma nakan ɗiga wa fatar famfon ɗan mai don ta yi laushi. In kin ga dama ki kira wannan maguɗi, ni gyara na sani.

Baba ya ba ni saƙo, ya ce in rubuta yadda ya faɗa. Wai in kin zo Kirsimeti zai sace tayoyin duka biyu a gaban Malam Arzika, ke ki cika ta gaba, shi ya cika ta baya. In taki ta fi tasa tauri, ki ɗauki keken ki tafi da shi Fatakwal. Shawarata a matsayin ƙani ita ce ki fara daka a turmi tun yanzu.

Ki gaishe mini da Nathan, ki ce masa bulon da na yi masa alkawari yana nan yana jiran ya sayi fili a gida. Ki gaishe da Serah da Yafet, su dage da karatu. Tamar tana gaishe ki, ita ta ɗaure accar da cittar da direba zai ba ki, zumar kuwa daga Goggo Beatrice ce. Malam Arzika da Jamiluddeen sun ce a gaishe da nas. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Yanzu kina iya ɗaukar wayar. Amma kafin ki kira, ki sani yau da safe na danna tayoyin, yatsana ne ya lanƙwashe.

Ni ne ƙaninki,
Abednego Azariya, Mai Bulo.