Kwamfutata Ta Jefa Gidan Surukaina Cikin Ramuwar Azumi

Goggo Hansatu, ki taimake ni don girman Allah. Aurena na neman rushewa tun kafin a ɗaura shi, kuma da hannuna na jawo, ko in ce da yatsuna.

Ni saurayi ne a Potiskum, ina da ɗan shagon kwamfuta kusa da tasha. Aikina buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki, amma a zuciyata ni mai rubuta furogiram ne, wato umarnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki. An sa mana rana da Murjanatu, 'yar Alhaji Bubayaro mai fataucin shanu, bayan Babbar Salla. Alhaji mutumin kirki ne, sai dai har yau "yaron nan mai tafireta" yake ce mini, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ana gab da azumin da ya wuce, yayan Murjanatu, Muhammadu Lawan, ya dawo daga Kumasi da wata kyamara da ya saya a hannun wani Bature. Ba a sa mata fim, hoton a cikinta yake zama sai a juye shi a kwamfuta. Lawan ya addabi gidan da ita, musamman wajen shan ruwa, ba dama mutum ya kai dabino baki sai haske ya wanke masa fuska. Bayan Salla ya kawo mini hotunan a cakuɗe, ya ce in jera masa su.

Goggo, abin da mutane ba su sani ba, kowane hoto na irin wannan kyamara yana ɗauke da wani rubutu a cikinsa da ido ba ya gani. Akwai sunan kyamarar, da faɗin hoton da tsawonsa, da ko fitila ta haska, har da rana da lokacin da aka ɗauka. Wani abokina da ke karatu a Maiduguri ya aiko mini da abin da suke kira laburare a kan faifai, wato umarni ne da masana suka riga suka rubuta, kai dai ka kira shi daga cikin furogiram ɗinka ya buɗe hoton ya karanto maka. Na sha wahala kafin ya yi aiki, ga wuta da sai ta ga dama. Ranar da ya yi, rawa na taka ni kaɗai a shago.

Sai shaiɗan ya raya mini cewa ga damar da Alhaji zai san ni ba mai tafireta ba ne. Na roƙe shi ya biyo ta shagona in ya taso daga kara, kasuwar shanu. Ya zo kuwa, da abokansa dillalai biyu. Na buɗo hotonsa ya kafa kai a kofin kunun tsamiya, na danna, bayani ya fito. Na karanta da ƙarfi ina hura hanci, har na iso kan lokaci: ƙarfe biyar da 'yan mintuna na yamma. Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Muka duba sauran hotunan shan ruwa, kusan rabin watan, duk biyar da wani abu.

Alhaji ya tambaye ni ko na'urar nan tana ƙarya. Nan ne ya kamata in ja bakina, amma dillalai na kallona, sai na ce kwamfuta ba ta taɓa ƙarya ba tun da aka ƙera ta.

Na ɗauka zai zage ni. Ina ma ya zage ni. Gode mini ya yi, ya kira ni Injiniya. Ashe ya daɗe yana zargin ladanin unguwarsu da gaggawa, shi kuma idonsa ya yi rauni, a falo yake shan ruwa labule a sake. Yana isa gida ya ba da umarni kowa ya ɗauki ramuwa, babba da yaro in dai ya balaga. Hajiya Fanne, mahaifiyar Murjanatu, ta rantse har kaji sun shiga akurki kafin a sha ruwa a gidan. Alhaji ya ce kaji ba su da agogo.

Yanzu gidan suna cikin mako na biyu, ga zafi ya fara kankama. Ladan ba ya amsa gaisuwata. Hajiya ta daina aiko mini da dambu. Murjanatu ta daina fitowa zance, ta aiko ƙanwarta ta ce mini ba za ta auri mutumin da ya sa ta azumi biyu a shekara ɗaya ba, in je in auri kwamfutar. Wallahi ina sonta, na rame fiye da masu azumin.

Na sake bin furogiram ɗina layi-layi, babu kuskure. Har hoton Idi na duba, na ga shi ma liman ya yi sammako da yawa bana, amma wannan ban gaya wa kowa ba. Goggo, in ce na'ura ta yi ƙarya in koma mai tafireta, ko in tsaya kan gaskiya in rasa mata?

Injiniyan Kwana Goma, Potiskum

Ɗana Injiniya,

Na yi dariya har na share hawaye, sannan na tuna akwai gida guda da ke wuni da ƙishirwa saboda kai, sai na nutsu.

Zan fara da wanke ka inda ka cancanta. Furogiram ɗinka bai yi kuskure ba, laburaren ma ya karanto abin da ya tarar a rubuce. Koyon wannan aiki kai kaɗai a shago abin yabo ne. Amma wa ya rubuta lokacin a cikin hoton? Kyamara ce, daga agogon da ke cikinta, kuma ita ba ta leƙa taga ta ga rana. Abin da aka saita mata shi take maimaitawa. Ka ce daga Kumasi aka kawo ta. Agogon Gana yana bayan namu da awa guda, kuma na tabbata Lawan bai taɓa gyara ta ba. Ƙara awa ɗaya a kan biyar ɗinka ka gani ko ba lokacin magariba ba ne. Da ka ga ladan da liman da kajin Hajiya duk sun yi gaggawa iri ɗaya, ai da ka zargi kyamarar.

Gwajin ba wuya. Ka karɓo kyamarar, ka tsaya a falon Alhaji lokacin da rediyo ke faɗin ƙarfe nawa, ka ɗauki agogon bango hoto, sannan furogiram ɗinka ya karanta. A yi a gaban Alhaji da Hajiya da dillalan nan biyu, tunda a gabansu ka yi cika baki. Daga nan ku je wurin ladan tare, a ba shi haƙuri, don an taɓa mutuncinsa ba gaira ba dalili.

Alhaji ma yana da nasa. Tsantseninsa abin girmamawa ne, amma maganar azumi wurin malamai ake kai ta, ba shagon kusa da tasha ba. Wannan ka bar wa Hajiya, za ta faɗa masa fiye da yadda ni da kai za mu iya.

Batun suna kuwa, ka haƙura. Mai yiwuwa ka koma mai tafireta na ɗan lokaci, kuma ba a taɓa fasa bai wa mutum mata don wannan ba. Murjanatu ba ƙinka take yi ba, yunwa ce ke magana. Kada ka je mata da bayanin agogon Gana, ba shi take son ji ba. Ka ce ka yi kuskure, ka kuma ɗauki azumin nafila daidai kwanakin da ta yi, ka bari labari ya kai mata ta bakin ƙanwarta.

Ka tafi yau, kada ka jira gobe. Duk wunin da ka ƙara, yarinyar nan da sunanka take jin ƙishirwa. Allah ya daidaita ku, ya kai mu ranar biki lafiya, a ci a sha da rana tsaka.

Goggo Hansatu